Gwangwani Mai Hoton Raƙumi

Cheetham Hill, Manchester
Lahadi, 3 ga Nuwamba

Gwaggo Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan sanyin Birmingham bai kai namu ba. Mu nan lafiya lau. Baba yana fama da rubutun digirinsa a jami'a, Umma tana zuwa aiki. Kaka ta cika wata biyu da zuwa daga Zariya, tana shan maganin sugan da GP, wato likitan unguwarmu, ya rubuta mata, kuma ta ce in gaya miki har yau ba ta ga rana da idonta ba a ƙasar nan.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san ni da waya, da na ji muryar babba sai magana ta gudu. Ga shi flat ɗinmu ko tari aka yi a kicin ana ji a ɗakin Baba.

Malamarmu ta ce kowa ya nemi wani mai aiki ya tambaye shi yadda aikinsa yake. Na ce gwaggona famasis ce, masaniyar magunguna, tana horon ƙwarewa a sashen gaggawa na asibiti, wato A&E. Sai wata 'yar ajinmu ta ce ai famasis bayan kanta yake tsayawa yana ƙirga ƙwaya, me zai yi a wurin da ake kawo mutane cikin jini? Aka yi dariya. Ni kuwa na san amsar tana nan, amma ban san ta ba.

Don Allah ki gaya mini: me kike yi in an kawo mara lafiya? Me ake koya muku da ba ku koya a jami'a ba? Kuma me ya fi wuya?

Akwai tambaya ta huɗu, amma ba ta makaranta ba ce. Sai na ga amsarki tukuna.

Kaka tana leƙo ni, tana cewa, "Malama Shiru, bakin da ya ƙi magana ga shi ya koma hannu." Haka take kirana tun da ta zo.

'Yarki,
Zuhra

*

Sparkhill, Birmingham
Alhamis, 7 ga Nuwamba

'Yata Zuhra,

Wa'alaikumus salam. Na ji daɗin takardarki, rabona da ganin Hausa a rubutun hannu har na manta. Ina lafiya, sai dai ƙafafuna, su kam sun yi fushi da ni.

Ki gaya wa 'yar ajinku babu kanta a inda nake. Shekara biyu horon nan yake ɗauka. A tsaye muke kusa da gadon mara lafiya, a ɗakin da ake farfaɗo da waɗanda suka fi jin jiki. Likita zai ce a ba da allura kaza, ni ce zan duba nauyin mutum da ƙarfin ƙodarsa, in auna, in haɗa, in miƙa, duk kafin ki gama ɗaura ɗankwali. In na ga kuskure dole in faɗa da ƙarfi, ko da wanda ya yi shi ya haife ni. Wannan ya ba ni wuya a farko. Mu da aka rene mu da sunkuyar da kai.

Amma abin da ya fi wuya shi ne gano abin da mutum yake sha a gida. Shugabarmu takan ce kada ki tsaya kan abin da likita ya rubuta, ki nemi abin da ya shiga baki. Sai ki tambayi mai shi, ki tambayi na kusa da shi, sannan ki ga maganin da idonki. Mutane ba maƙaryata ba ne, amma suna mantuwa, suna jin kunya, suna tsoron a ƙwace musu. Makon jiya wani dattijo ya rantse mini ƙwaya biyu kawai yake sha. Matarsa ta buɗe jaka, muka ƙirga tara.

Jarrabawata ta ƙarshe ranar Alhamis ce, 28 ga wata. Manya biyu za su bi ni a baya tun safe har yamma suna rubuta duk abin da na yi. Kin san bara na ɗage ta saboda rasuwar Malam, kakanki, Allah ya jiƙansa. Ba a ɗagewa sau biyu. Saboda haka daga nan zuwa ranar, ko rufi ne ya faɗo muku a ka, ku tallafe shi har in fito.

Ina tambaya ta huɗun? Ki gaida Yaya da Ummanki. Ki ce wa Hajiya autarta tana gaishe ta.

Gwaggonki,
Ramatu

*

Cheetham Hill
Talata, 12 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa ƙafafunki sannu. Kowa lafiya. Na karanta amsarki a aji, kuma na kai ƙarshe.

Tambaya ta huɗu a kan wata ƙawata ce. Kakarta ma daga gida ta zo, ita ma tana da suga, GP ya ba ta magani. Amma tana da wasu ƙwayoyi farare da ta taho da su, ba a cikin kwali ba, a cikin wani tsohon gwangwanin shayi mai hoton raƙumi, murfinsa a lotse. Tana ɓoye shi a ƙarƙashin zannuwa. Kullum tana shan na GP, ta kuma sha na gwangwani. Ta ce maganin nan ƙasar bai san jikinta ba tukuna, na gida kuwa shekara goma sha biyu suna tare.

Kuma tana azumin Litinin da Alhamis. Ta ce ranar hunturun nan gajeriya ce, azumin yara ne, asara ce a bar shi. Iyayen ƙawata suna fita da duhun safe, su dawo bayan magariba, don haka ba su sani ba. Ita kaɗai take dawowa daga makaranta kafin a sha ruwa. Sau uku tana tarar da kakar tana gumi duk da sanyi, hannunta yana rawa, tana kiranta da sunan wata. Da ta sha kunu sai ta dawo daidai, har ta yi ta tsokanarta kamar ba a yi ba.

Kakar ta kama hannunta ta ce wannan amana ce, in ta faɗa za a ƙwace gwangwanin, kuma za a tayar wa mutane hankali suna tsakiyar abin da ke gabansu. Ƙawata ta ce to. Yanzu ba ta gane komai a aji. Da ƙarfe uku ta yi sai ta fara kallon agogo. Jiya ta kasa jiran bas, a guje ta koma gida.

Gwaggo, akwai illa? Ko tsufa ne kawai? In babu komai ki ce babu komai, in gaya mata ta huta.

Zuhra

*

Cheetham Hill
Laraba, 20 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya. Mu ma haka.

Kwana takwas ke nan ina duba ƙasan ƙofa. Na sake karanta takardarki, na ga inda kika ce ko rufi ya faɗo mu tallafe shi. Da ban gane ba, yanzu na gane. Ki yafe mini da na dame ki da maganar mutanen da ba ki sani ba.

Shekaranjiya abin ya sake faruwa ga kakar ƙawata. Ta zauna a kan matakala ta kasa tuna hanyar ɗaki. Saura minti ashirin a sha ruwa, ta ƙi karɓar komai. Ƙawata ta zauna kusa da ita suna jiran lokaci.

Ba zan ƙara rubutowa ba sai kin gama. Allah ya ba da sa'a.

Zuhra

*

Sparkhill
Litinin, 25 ga Nuwamba

Zuhra,

Ina lafiya. Bari in tafi kai tsaye.

Takardunki biyu jiya na gan su. Mai shagon da ke ƙasan ɗakina ya haɗa su da nasa ya tura bayan sikeli. Maganar rufi kuwa wasa nake yi, da na san haka za ki ɗauke ta da na yanke hannuna kafin in rubuta.

Gwangwani mai raƙumi na Malam ne. Ni na lotsa murfin ina 'yar shekara bakwai, na sha duka a kai. Shi yake ɓare wa Hajiya ƙwayoyinta ya zuba a ciki saboda yatsunta.

Shi ya sa na buga waya jiya. Hajiya ta yi dariya ta ce gwangwani yana Zariya, azumi kuwa ita yarinya ce da za a tsare ta da tambaya? Yaya ya ce shi ya yi mata tafinta a wurin GP, a gabansa ta ce maganin gida ya ƙare. Na ce a ba ni ke, kika ce "lafiya lau, Gwaggo," ina jin numfashinta kusa da ke. Na tambayi mai shi, na tambayi na kusa, saura in gani da ido, ga ni a Birmingham.

Ki saurara. Abin da kika kwatanta sugan jini ne yake faɗuwa, kuma yana kisa. In kin ga gumi da rawar hannu da ruɗewa, in tana iya haɗiya, ki ba ta ruwa mai sukari nan take, ko da azumi, ko da saura minti ɗaya. In ba ta iya haɗiya kada ki sa mata komai a baki, ki kwantar da ita a gefe. Ko wanne ne, ki kira 999, a turo motar asibiti. Sannan ki kwashe duk wani magani da ke gidan ki tafi da shi. Duka, Zuhra.

Yaya ya yi alkawarin ba zai fita ranar Alhamis ba sai ya ajiye mata karin kumallo a gabanta. Ni kuma zan zo ranar Juma'a. Amma in kika aiko mini da kalma ɗaya cewa Hajiya ce, yau zan hau jirgi, jarrabawa ta tafi inda za ta.

Gwaggonki

*

Cheetham Hill
Lahadi, 1 ga Disamba

Gwaggo Ramatu,

Da fatan kin isa gida lafiya. Kaka ta kwana biyu a gida yanzu, tana cin abinci, Baba yana auna mata suga safe da yamma.

Sau uku kika tambaye ni a asibiti yadda aka yi, sau uku ina kallon takalmina. Ga shi a rubuce.

Takardarki ta zo ranar Laraba. Na riƙe wayar Umma na rubuta "Kaka ce," na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Na ce kwana ɗaya ne kawai ya rage miki. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Ranar Alhamis Baba ya ajiye mata shayi da burodi, ta ce ya tafi, sai ya huce. Ni na kasa zama a makaranta. Ana fita cin abincin rana na je ofis na ce cikina yana ciwo, ban taɓa yin irin wannan ƙaryar ba. Ƙarfe biyu saura na shiga gida. Shayin yana nan ya yi fata a sama. Kaka tana zaune a ƙasa jikin gado, ɗankwalinta ya jiƙe. Ta dube ni ta ce, "Ramatu, kin dawo daga islamiyya?"

Na dama sukari cokali huɗu a ruwa. Ta kau da kai ta ce, "Azumi." Gwaggo, ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce, "Hajiya, ni ce Ramatu, ki sha, na ɗauki alhakin." Ta sha. Na kira 999, na yi Turanci ba tare da na sarƙe ba. Kafin masu motar asibiti su zo na zuba maganin GP a leda. Na tsaya a gaban akwatinta na daɗe. Sannan na ɗaga zannuwan na ɗauko gwangwanin, na sa a aljihun rigar makaranta.

A A&E aka ɗaura mata ruwa, ta dawo hayyacinta, har ta fara tambayar wa ya bar gida a buɗe. Baba ya iso. Likita ya duba ledar ya ce azumi ne ya jawo, in ta ci abinci aka ga ta daidaita za mu iya tafiya da yamma. Kaka ta dube ni. Na san ma'anar kallon.

Sai wata mata ta shigo, ta ce sunanta Tabitha, famasis ce. Iyayenta mutanen Jos ne, a nan aka haife ta, Hausarta a karye. Ta durƙusa ta ce, "Mama, sannu. Magani na gida, akwai?" Kaka ta ce, "Babu, 'yar nan." Ta tambayi Baba, ya ce babu. Sai ta juyo gare ni ta ce, ke fa, ke ce kika same ta. Irin tambayarki ce sak.

Na fito da gwangwanin na ɗora a kan gado.

Tabitha ta buɗe, ta juye ƙwayoyin a faranti. A can ƙasa akwai guntun kwali da Malam ya yanka ya ajiye don a riƙa nuna wa mai kemis. Ta karanta sunan, ta fita da sauri ta dawo da likita. Ta ce na gwangwani da na GP aikinsu ɗaya ne, kamar an sha ninki biyu, kuma na gida ya fi daɗewa a jiki, sugan zai sake faɗuwa. Likita ya ce ai lambobin awon suganta sun yi kyau. Tabitha ta maimaita, da ƙarfi, a gaban kowa. Aka fasa sallama. Kin san sauran, a gabanki ya sake faɗuwa bayan kin iso.

Ni na roƙi Baba kada ya kira ki sai biyar ta yi, kin gama jarrabawa. In wannan ma kuskure ne, ki haɗa da na farko.

Kaka ba ta yi mini magana ba tun ranar. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ba ta ce Malama Shiru ba ko sau ɗaya. An riƙe ƙwayoyin a asibiti, an ba Baba gwangwanin babu komai a ciki, ta karɓa ta sa a ƙarƙashin matashi. Na karya mata azumi, na yi mata ƙarya da sunanki, na ci amana. Da za a sake, ina jin haka zan sake yi, amma wannan bai sa na ji sauƙi ba.

Zuhra

*

Sparkhill
Laraba, 4 ga Disamba

'Yata,

Na iso lafiya. Sakamako ya fito jiya, na ci. Na zauna a kan benci a Stratford Road na rasa me zan yi da murnar.

Ki daina tara laifi a kanki ke kaɗai, ki rage mini nawa. Wata uku ina tambayar iyayen wasu abin da ke jakarsu, ban tambayi tawa uwar ba, don na san za ta ce ni yarinya ce. Na kuma ɗora miki zaɓin da bai kamata a ɗora wa 'yar shekara goma sha biyar ba. Da Litinin ɗin nan ya kamata in hau jirgi ba tare da na jira kalmarki ba.

Amma ki ji wannan. In aka sake irin haka, ki faɗa da wuri, ko wa zai rasa me. Shekara guda na yi kafin in iya ɗaga murya a gaban babba, ke kin yi a yini ɗaya.

Hajiya kuwa ba ƙwayoyin take yi wa fushi ba. Hannun Malam ne na ƙarshe a cikin gwangwanin nan. Ki ci gaba da gaishe ta, ko bango ne zai amsa.

Ramatu

*

Cheetham Hill
Lahadi, 8 ga Disamba

Gwaggo,

Barka da arziki, Allah ya sa albarka. Umma ta yi guɗa a kicin har maƙwabta suka buga bango. Kowa lafiya. GP ya sake wa Kaka tsarin magani, ya ce maganar azumi a dakata sai ya ga yadda jikinta ya yi. Baba ne ya yi tafinta, amma wannan karon da ni aka shiga.

Jiya da la'asar ina wanke-wanke na ji ta ce, "Wai ina Kwastan?" Na ɗauka da Baba take. Ta ce, "Ke nake nufi, mai kunnen ƙashi."

Na je na durƙusa. Gwangwanin yana kan cinyarta. Ta ce, "Abin nan ya wuce masu bincike a filin jirgin Kano, ya wuce na Turawa da karnukansu. Ashe babbar kwastan tana cikin gidana, tana sunkuyar da kai." Umma tana dariya a bakin ƙofa. Ni na kasa, hawaye ne suka zo.

Ta ce, "Share fuska, ba a gafarta wa mai majina. Kuma ranar nan na san ke ce ba Ramatu ba. Ramatu cokali biyu take sa wa mutum, rowa gare ta."

Ban sani ba ko gaskiya ne ta gane ni. Ban tambaya ba.

Sannan ta miƙo mini gwangwanin ta ce in zuba mata maganin GP a ciki, yatsunta ba sa iya ɓare ledar. Na ce a'a, Tabitha ta ce kowane magani ya zauna a kwalinsa da sunansa, ni zan riƙa ɓare mata kullum da hannuna. Ta ce, "Ji bakin da aka ce ba ya magana." Sai ta aike ni in ɗauko dabino. Yanzu su ne a ciki, guda bakwai, ta ce na buɗa-baki ne, ranar da likita zai sake ta ta yi azumi.

Murfin har yanzu ba ya rufuwa daidai. Ta ce in gaya miki ba ta manta wanda ya lotsa shi ba.

'Yarki,
Zuhra